Tsakanin Takarda da Jiki: Nazarin Lamarin Wata Dattijuwa a Gidan Kula da Tsofaffi

Wannan nazari ya bi diddigin wata takwas na zaman wata dattijuwa mai shekara 81 a wani gidan kula da tsofaffi, tun daga ranar da aka kai ta har bayan rufewar gyambon da ya fito mata a dunduniya. An sakaya sunanta da na gidan. Abubuwa uku aka dogara da su: littafin da 'yarta ta tsakiya ta riƙa rubuta abin da aka gani a ciki, kwafin takardun jinya da gidan ya bayar bayan an nema a rubuce, da bayanan zaman da aka yi da shugabannin gidan. An ƙirga lokaci daga ranar shiga, don haka mako na 5 yana nufin mako na biyar bayan an kai ta.

## Asalin lamarin da yadda aka zaɓi gidan

Wata huɗu kafin shigarta, dattijuwar ta gamu da shanyewar ɓarin jiki wadda ta raunana mata hannu da ƙafar hagu. Bayan an sallame ta daga asibiti tana iya takawa kimanin mita 15 da ƙarfen dogarawa idan akwai wani a gefenta, tana cin abinci da hannun dama a hankali muddin an yanyanka mata shi, kuma tana gane 'ya'yanta sarai, sai dai mantuwa ta fara kama ta, har likitoci suka rubuta cewa matakin farko ne na cutar mantuwa. Tana amfani da haƙoran roba, sama da ƙasa. 'Ya'yanta uku ne, babban namiji da mata biyu, kowa da aikinsa, kuma bayan sun yi wata uku suna karɓa-karɓa suka yarda cewa ba za su iya samar mata da mai tsayawa a kanta dare da rana ba, musamman wajen ɗagawa da kai ta banɗaki.

Gidaje uku suka duba, kuma duk ukun sai da suka buga waya aka ba su lokaci, a ranar aiki, wajen ƙarfe 11 na safe. Wanda suka zaɓa sabon gini ne, ɗakunansa na da haske, babu zarni a baranda, mazauna suna zaune a falo cikin tufafi masu tsabta, ga kuma takardar hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan gidaje an manna a bakin ƙofa, ta ba shi darajar mai kyau. Irin wannan daraja ta zama ruwan dare a ƙasashe da dama. A Amurka tun 2008 gwamnati ke ba gidajen jinyar tsofaffi taurari daga ɗaya zuwa biyar, ana haɗa sakamakon binciken sufetoci da yawan ma'aikata da alƙaluman lafiyar mazauna. A Ingila hukumar CQC, mai sa ido a kan asibitoci da gidajen kula da mutane, tana yin tambayoyi biyar, wato ko gida yana da aminci, ko aikinsa na tasiri, ko akwai tausayi, ko ana biyan buƙatun mazauna, da ko shugabancinsa na tafiya daidai, sannan ta ba shi ɗaya daga darajoji huɗu. Takardar da ke ƙofar wannan gida ta kai wata 14 da fitowa. A cikin waɗannan watanni an canja shugabar gidan da babbar ma'aikaciyar jinya, amma iyalin ba su san haka ba a lokacin, domin ba su tambaya ba. Haka nan ba su tambayi yawan ma'aikatan da ke kwana da mazauna ba.

## Ranar shiga zuwa mako na 4

A ranar shiga nauyinta kilo 62 ne, fatarta lafiya ƙalau. An auna ta da ma'aunin Braden, wanda Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar a 1987 domin hasashen wanda ke cikin hatsarin kamuwa da gyambon kwanciya. Ma'aunin na duba abubuwa shida: yadda mutum ke jin matsi a fatarsa, danshin jiki, yawan zirga-zirga, iya motsawa a kan gado, cin abinci, da gogayyar fata lokacin zamewa ko ja. Makin na farawa daga 6 ya tsaya a 23, kuma duk wanda ya samu 18 ko ƙasa da haka ana ɗaukarsa a matsayin mai hatsari. Dattijuwar ta samu 17, wato hatsari kaɗan.

Tsarin kulawar da aka rubuta mata bai da aibu: a taka da ita sau biyu a rana, a zauna kusa da ita lokacin cin abinci, a duba fatarta kullum, a auna nauyinta kowane wata. 'Yar tsakiyar, wadda ta fi kusa, takan zo Talata da Alhamis da tsakar rana, sai kuma Asabar wajen ƙarfe 3. A duk waɗannan lokuta tana samun mahaifiyarta a falo, an yi mata wanka, an gyara mata kai. A ƙarshen watan farko nauyin ya nuna kilo 61.5.

## Mako na 5 zuwa na 9: daren ruɗewa da maganin da ya zarce

A mako na 5 dattijuwar ta yi dare uku a jere cikin ruɗewa. Tana ƙoƙarin sauka daga gado, tana kiran sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa, kuma a dare na uku ta kai wa wata mai kula da ita duka. Ma'aikaciyar jinyar dare ta kira likitan da ke jiran kira, wanda bai taɓa ganin dattijuwar ba, shi kuma ya ba da umarni ta waya cewa a ba ta risferidon miligiram 0.5 da dare idan buƙata ta taso. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya bayyana, aka gano tana da ciwon mafitsara, aka kuma lura cewa ta yi kwana biyar ba ta yi bayan gida ba. Da aka magance waɗannan biyun, ruɗewar ta lafa cikin mako guda.

Maganin kuwa bai tsaya ba. A mako na 7, lokacin da aka sake kwafe jerin magungunanta zuwa sabuwar takarda, kalmomin nan na idan buƙata ta taso suka ɓace, ya koma cikin magungunan kullum, safe da dare. Abin da aka gaya wa iyalin shi ne an ƙara mata wani ɗan magani da zai taimaka mata ta yi barci.

Risferidon maganin taɓin hankali ne. A 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a jikin sababbin magungunan wannan rukuni, cewa suna ƙara hatsarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, sannan a 2008 ta faɗaɗa gargaɗin zuwa tsofaffin magungunan rukunin. A Birtaniya izinin amfani da shi ga masu cutar mantuwa bai wuce na mako shida ba, shi ma ga wanda tashin hankalinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan an gwada wasu hanyoyi. Daga cikin illolinsa akwai gyangyaɗi, sandarewar gaɓoɓi, wahalar haɗiya, faɗuwa, da ƙarin hatsarin shanyewar ɓarin jiki, wanda ita wannan dattijuwa ta riga ta taɓa gamuwa da shi.

A mako na 8 ta faɗi a hanyar banɗaki da asuba. Ba ta karye ba. Matakin da gidan ya ɗauka shi ne ɗaga ƙarafan gefen gado, dakatar da takawar nan ta sau biyu a rana saboda gudun sake faɗuwa, mayar da ita kan keken guragu, da sa mata ƙunzugu dare da rana. Ba a sake auna ta da ma'aunin Braden ba, duk da cewa motsinta da danshin jikinta sun canja a rana ɗaya. A ƙarshen wata na biyu nauyinta kilo 60.5 ne.

## Mako na 10 zuwa na 13: abubuwan da aka gwada ba su yi ba

A wannan tsakani iyalin sun ga canji, sun kuma yi magana. 'Yar tsakiyar ta lura zoben mahaifiyarta yana juyawa a yatsa, kuma takan yi barci ana cikin hira. Sau huɗu tana kai kuka da baki ga duk wanda ta samu a teburin ma'aikata, kuma sau huɗun mutane daban ta samu. Kowa ya saurare ta da ladabi, ya ce za a duba. Da aka karɓi takardun daga baya, babu inda aka rubuta ko ɗaya daga cikin kokenta. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata tsufa ne da cutar mantuwa, haka suke tafiya, kuma da yake maganar ta yi daidai da abin da iyalin ke tsoro tun farko, sai suka karɓe ta.

Gwaji na biyu shi ne abin sha mai ƙara kuzari da likitan gidan ya rubuta, kwalba biyu a rana. Ana kawo shi a kan lokaci, ana ajiye shi a teburin gefen gado, ana kuma sa alamar an bayar. Murfinsa ba ya buɗuwa da hannu ɗaya.

Gwaji na uku na babban ɗan ne. Ya zo a mako na 12, ya ga yadda mahaifiyarsa ta rame, ya ɗaga murya a gaban mazauna da ma'aikata, ya ce zai kai ƙara. Daga wannan rana abubuwa biyu suka canja. Masu kula da ita suka daina tsayawa hira da iyalin, sai gaisuwa a wuce, sannan takardun da ke rataye a ƙarshen gadonta suka cika maƙil, babu gurbi ko ɗaya da ba a sa wa hannu ba. Iyalin sun ɗauki cikar takardun a matsayin alamar an gyara.

A ƙarshen wata na uku sikeli ya nuna kilo 57. Raguwar kilo 3.5 daga 60.5 ta kusa kashi 6 cikin ɗari a wata guda. A ƙa'idar da gidajen jinya a Amurka ke bi, wadda masana abinci a wurare da yawa ke amfani da ita, raguwar kashi 5 cikin ɗari a kwana 30, ko kashi 10 a kwana 180, abu ne da dole a bincika dalilinsa. An rubuta lambar a gurbinta daidai, ba a sanar da likita ba, ba a kuma sanar da iyali ba.

## Mako na 14: daren Asabar

'Yar tsakiyar ta tafi da tabaran mahaifiyarta gyara, aka ba ta shi a makare, sai ta biya ta gidan da misalin ƙarfe 8:30 na dare, lokacin da ba ta taɓa zuwa ba. Ta samu ƙofar ɗakin a turare, fitila a kashe. Mahaifiyarta ta zame ƙasa a kan gado har tafin ƙafarta na tokare da katakon ƙarshen gadon, zanin gadon a jiƙe, kuma an maƙale igiyar ƙararrawar kira a ƙarfen gefen hagu, wato ɓangaren da ya shanye. Tiren abincin dare yana kan tebur da murfinsa, cokali a naɗe yadda aka kawo shi.

Ta ce, "Mama, kin ci abinci?" Dattijuwar ta buɗe ido ta ce an kawo, ta sake rufewa.

Da ta zo canja mata safa, ta hagun ta manne. Ta jiƙa ta da ruwan ɗumi ta zare a hankali, sai ga dunduniyar ta saluɓe, jajir, tana tsattsafo da ruwa. A ƙasan bayanta kuma, daidai ƙashin da ke taɓa katifa, akwai wuri mai duhu wanda idan an danna da yatsa launinsa ba ya canjawa. Ma'aikaciyar jinyar da aka kira daga ɗaya ɓangaren ginin ta auna gyambon dunduniyar, santimita 3 a tsawo, 2 a faɗi, ta ce mataki na biyu ne. Ana kasa gyambon kwanciya mataki huɗu: na farko fata ba ta fashe ba amma launinta ya canja kuma ba ya washewa da dannawa, na biyu saman fata ya buɗe, na uku ya kai ga kitsen ƙarƙashin fata, na huɗu kuma ana ganin tsoka ko jijiya ko ƙashi. Da aka sake auna ta da ma'aunin Braden washegari, makinta ya sauko zuwa 12, wato babban hatsari. Takardar ƙarshen gado ta nuna an juya ta kowane awa biyu a duk makon, kuma a gurbin fata an rubuta lafiya, har da safiyar wannan rana.

## Mako na 14 zuwa na 16: littafin kwana goma sha huɗu

Shawarar farko da iyalin suka yanke ita ce a ɗauke ta nan take. Gidajen biyu da suka duba a baya babu gurbi, kuma su ma a irin wancan lokaci na ƙarfe 11 aka gan su. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ƙawar ƙaramar 'yar, ta ba su wata shawara. Ta ce ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, kuma a ofishin shugabar gida mudun ake nema. Ta ce su daina tambayar ko ana kula da ita, su zaɓi 'yan abubuwa da za a iya ƙirgawa, su ƙirga su a lokuta daban-daban, su rubuta ranar da sa'ar. Ta kuma ce su nemi kwafin takardun jinya da jerin magunguna da jadawalin aiki a rubuce.

Tunanin da ke bayan wannan shawara tsoho ne. A 1966 Avedis Donabedian na Jami'ar Michigan ya raba auna ingancin kulawa gida uku: abin da aka tanada, kamar gini da kayan aiki da yawan ma'aikata, abin da ake aikatawa a zahiri, da kuma abin da ya samu majinyaci a ƙarshe. Zuwa wannan lokaci iyalin sun ga na farko a ranar zaɓe, sun ga na uku a dunduniya. Littafin na tsakiyar ya nufa.

A cikin kwana 14 su ukun sun kai ziyara 22, daga ƙarfe 6:30 na safe zuwa 11 na dare, ba tare da sanarwa ba. Sun danna ƙararrawa sau 11. Da safiyar ranakun aiki ana amsawa cikin minti huɗu ko biyar, amma da yamma da ƙarshen mako sun rubuta minti 18, da 25, da kuma 41 sau ɗaya. Sun manna filasta a jikin gorar ruwanta daidai inda ruwan ya tsaya da ƙarfe 9 na safe, kuma a kwana huɗu cikin shida da aka gwada, zuwa ƙarfe 5 na yamma abin da ya ragu bai kai kofi ɗaya ba. Sun ƙirga masu kula da suka taɓa jikin mahaifiyarsu a kwanakin, suka samu mutum 19, takwas daga cikinsu na wucin gadi ne da wani kamfani ke turowa, wasu ba su san wane ɓangare ne ya shanye ba sai an gaya musu.

Batun juyi ya fi kowanne fitowa fili. Wata rana 'yar tsakiyar ta bar mahaifiyarta kwance a gefen dama da ƙarfe 7 na dare, ta cusa ɗan guntun filasta a ƙarƙashin matashin da ke tokare bayanta. Ƙaramar ta zo ƙarfe 11, ta samu matashin da filastan yadda aka bar su, alhali takarda ta nuna an juya ta ƙarfe 8 da ƙarfe 10. Wata safiya kuma da ƙarfe 6:30 babban ɗan ya tarar an riga an sa hannu a gurbin ƙarfe 8, da biro ɗaya da rubutu ɗaya tun daga tsakar dare.

Lokacin abincin dare ne ya bayyana dalilin ramar. Ɓangaren da take yana da mazauna 24, tara daga cikinsu ba sa iya ci sai da taimako. Masu kula biyu ne a aikin yamma, kuma minti 30 bayan an raba abinci ake zuwa kwashe tire. Minti 60 na aikin mutum biyu, idan aka raba wa mutum tara, kowa bai samu minti bakwai ba, kuma ba a cire masu kiran banɗaki a daidai lokacin ba. Ranar da 'yar ta zauna ta ciyar da mahaifiyarta da kanta, sai da ta yi minti 25 kafin ta ci kashi uku cikin huɗu na abincin, tana yi tana tashinta daga gyangyaɗi. A wannan yammaci ne ɗaya daga cikin tsofaffin masu kula ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Anti, ba ƙi muke yi ba. In na zauna da Mama har ta gama, mutum huɗu za su kwana da yunwa."

Takardun sun iso bayan kwana tara. Jadawalin ya nuna masu kula huɗu da safe a ranakun aiki, uku a ƙarshen mako, biyu da yamma, ɗaya da dare, ma'aikaciyar jinyar dare kuma tana riƙe da ɓangare biyu. Da aka lissafa, kowane mazauni na samun kimanin awa 3.2 na aikin ma'aikata a ranar aiki, awa 2.5 a ƙarshen mako. Rahoton da aka gabatar wa majalisar dokokin Amurka a 2001 ya sa kimanin awa 4.1 a matsayin iyakar da idan aka gaza ta matsaloli irin su gyambo da rama ke ƙaruwa. A cikin jerin magungunan ne kuma iyalin suka fara ganin sunan risferidon.

## Mako na 17: zaman da aka yi

An nemi zaman a rubuce, aka kuma roƙi halartar likitan gidan, da babbar ma'aikaciyar jinya, da shugabar gidan, da masanin magunguna. Babban ɗan ya yarda ƙanwarsa ce za ta yi magana. Ba ta ambaci sunan ko mai kula ɗaya ba. Ta ajiye takarda ɗaya mai layi biyu, ɗaya na abin da takardun gidan suka ce, ɗaya na abin da littafi ya nuna a rana ɗaya da sa'a ɗaya, ta ce abin da suke so shi ne a gaya musu yadda za a daidaita layukan biyu. A lokacin nauyin dattijuwar ya sauka zuwa kilo 56, gyambon kuma ya ƙaru zuwa santimita 3.5 da 2.5.

Masanin magungunan ne ya fara magana, ya ce babu wani dalili a rubuce na ci gaba da risferidon bayan mako na 6. Likitan ya amince a rage shi rabi, sannan a janye shi a hankali ana lura da ita. An amince a kawo katifar iska mai sauya matsi, a ɗaga dunduniyoyinta gaba ɗaya daga katifa ta hanyar sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa, a riƙa kwantar da ita a ɗan karkace maimakon a kan ƙashin kwankwaso, a kuma ɗauki hoton gyambon da rula a gefensa kowace Litinin. An cire ƙarafan gefen gado, aka sauke gadon ƙasa da shimfiɗa mai laushi a gefensa, aka mayar da ƙararrawa hannun dama. An sa lokutan kai ta banɗaki maimakon dogaro da ƙunzugu. Za a auna nauyinta kowane mako, da sikeli ɗaya, kafin karin safe. Kowane mataki an rubuta sunan wanda zai yi shi da ranar da za a duba, aka ba iyalin kwafi.

Da aka zo batun ma'aikata, shugabar gidan ta ce ƙara yawansu ba a hannunta yake ba, na masu gidan ne. Abin da ta iya shi ne mayar da mai kula ɗaya daga aikin safe zuwa aikin ƙarfe 12 na rana zuwa 8 na dare, raba abincin dare zango biyu domin masu buƙatar taimako su fara, da ware masu kula huɗu na dindindin waɗanda su ne za su riƙa karɓa-karɓa a kan rukunin ɗakunan da dattijuwar take. A mako na 19 iyalin sun aika wa hukumar sa ido kwafin littafin da na yarjejeniyar, bayan sun sanar da shugabar cewa za su yi hakan.

## Mako na 18 zuwa na 35: abin da ya biyo baya

Kwana goma bayan rage maganin dattijuwar ta fara kaiwa ƙarshen hira ba ta yi barci ba, kuma a mako na 21 aka daina shi gaba ɗaya ba tare da ruɗewar ta dawo ba. Da ta farfaɗo ne ta iya faɗin cewa bakinta na ciwo. Ramar ta sa haƙoran robar sun yi mata yawa, suna gogar dasashi har sun yi rauni, abin da ɗaya daga cikin masu kula huɗun nan ta gano a makonta na farko da ita, domin ta lura tana tauna da gefe ɗaya. Aka gyara haƙoran. Ƙwararriya kan matsalar haɗiya ta duba ta, ta ce a zaunar da ita a miƙe lokacin ci, a bar ta a zaune rabin awa bayan ta gama.

Duhun ƙasan baya ya washe cikin mako biyu. Gyambon dunduniya ya koma santimita 2 da 1 a mako na 22, ya rufe a mako na 29. Nauyi ya hau zuwa kilo 57.5 a mako na 24, ya kai 59.5 a mako na 34, makin Braden kuma ya koma 15. A mako na 25, lokacin wani dogon hutu da biyu daga cikin masu kula huɗun ba sa nan, an tsallake awon nauyi, aka kuma sake samun tire a rufe sau biyu. 'Yar ta nuna wa babbar ma'aikaciyar jinya kwafin yarjejeniyar, aka gyara a makon. Sufetocin hukuma sun zo ba sanarwa a mako na 27, suka umarci gidan ya gyara yadda ake cike takardu da yadda ake bitar magunguna, suka kuma rage masa daraja a fannin aminci.

Tafiya ce ba ta dawo ba. Duk da aikin ma'aikacin sashen gashi da motsa jiki sau uku a mako, abin da take iyawa a wata na takwas shi ne ta miƙe da taimako, ta yi taku huɗu ko biyar zuwa kujera.

## Hukunci

Darajar da ke manne a ƙofa ba ƙarya ba ce a ranar da aka ba da ita, amma ta bayyana gida ne a ƙarƙashin wasu shugabanni da suka riga suka tafi, kuma ko da sabuwa ce, matsakaicin halin mazauna duka take nunawa, ba abin da ke faruwa a ɗaki guda da ƙarfe 8:30 na daren Asabar ba. Ziyarar iyalin ta farko da ta makonni goma sha uku da suka biyo baya galibi sun faɗa cikin sa'o'in da gidan ya fi yawan ma'aikata, don haka yawan zuwansu bai ƙara musu sani ba. Wannan shi ne nasu kason na kuskuren, tare da karɓar kalmar tsufa ba tare da sun tambayi sunan maganin da aka ƙara ba.

A ganina, babban laifin gidan ba gyambon ba ne, domin gyambo kan fito ko a inda ake iya ƙoƙari. Laifin shi ne alamu uku sun zo a rubuce a cikin takardunsa, wato maganin da ya wuce wa'adinsa, faɗuwar da ta canja motsin dattijuwar, da raguwar nauyi da ta haura iyaka, kuma babu wanda aikinsa ne ya haɗa su. Kowane mataki da aka ɗauka bayan mako na 5 maganin illar wanda ya gabace shi ne: maganin ya kawo gyangyaɗi da faɗuwa, faɗuwa ta kawo kwanciya da ƙunzugu, kwanciya da danshi da yunwa suka kawo gyambo. Ma'aikacin da ya san ta tun ranar shiga zai ga wannan zaren, amma mutum 19 a kwana 14 kowa guntunsa kawai ya gani.

Koken baki bai yi aiki ba saboda yana tafiya gida tare da wanda aka gaya wa idan ya tashi aiki. Faɗan babban ɗan ya fi wannan muni, domin ya sa tsoro ya koma kan takarda, aka cike ta, ya kuma rufe bakin masu kula, waɗanda su ne suka san inda matsalar take. Sa hannu a kan aikin da ba a yi ba laifi ne da ba shi da uzuri, sai dai mai kula ɗaya da aka bar wa mutum 24 cikin dare an ba ta aikin da lissafi bai yarda da shi ba, kuma wanda ya tsara jadawalin ya fi ta alhaki. Littafin ya yi aiki ne saboda ya kawo abin da za a iya gwadawa da takardun gidan rana da rana, bai zargi mutum ba, kuma ya ƙare da matakai masu suna da rana. Janye maganin da ware masu kula na dindindin su ne suka fi tasiri a jikinta, kuma ba su buƙaci ƙarin ma'aikaci ko ɗaya ba.

Hanyar tana da iyakarta. Ta buƙaci 'ya'ya uku masu lafiya da za su iya ziyara 22 a mako biyu, da wadda ta san aikin jinya ta nuna musu abin ƙirgawa, kuma a cikin mutum taran da ke buƙatar a ciyar da su akwai waɗanda iyalin ba su taɓa ganin wani ya zo wurinsu ba. Raba abincin dare zango biyu ya amfane su duka, amma bitar magani da awon mako-mako ga dattijuwar kaɗai aka yi kafin zuwan sufetoci. Iyalin sun yanke shawarar barin ta a gidan, suna ci gaba da ziyarar ba-zata sau biyu a wata. A jadawalin wata na takwas, aikin dare na ɓangarenta yana nan yadda yake, mai kula ɗaya ga mazauna 24.